Aman Rawaya

Rabe direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Jibiya da Maraɗi. Kusan kowace safiya, kafin ya tada mota, sai ya zaga bayan rumfar mai shayi ya tsuguna ya yi amai. Ba abinci ke fita ba, wani ruwa ne rawaya mai ɗaci, ƙirjinsa kuma yana zafi kamar an zuba masa barkono.

A bakin iyaka, inda motoci ke layi suna jiran bincike, akwai wani Badaruddeen mai tiren magunguna. Bai taɓa karatun magani ba. Farar riga kawai ya saya, 'yan tasha suka sa masa Dokta, shi kuma yake amsawa ba kunya.

"Dokta, aman nan ya ishe ni," in ji Rabe.

"Wane launi ne?"

"Rawaya."

Badaruddeen ya tafa hannu. "Kai ka ci sa'a! Dattin ciki ne ke fita da kansa. Wasu sai mun yi musu wankin ciki kafin su ga irinsa. Saura mu taimaka masa ya fita duka."

Ya ɓallo kafso, ya ce a riƙa buɗewa ana zazzage garin cikin fura safe da yamma. Ya ƙara masa da ƙwayar ciwon jiki, wai saboda zaman mota.

Tun daga nan aman ya zama abin alfahari. In Rabe ya fito daga bayan rumfa yana goge baki, sai abokansa direbobi su ɗauka: "Yau ma an yi wanki? Wallahi cikinka ya fi motarka tsabta!" Shi ma ya yi dariya.

Matarsa Salmatu ce kaɗai ba ta dariya. "Baban Zulfa, dubi wuyan rigarka. Ka rame, tuwo ma loma kaɗan kake yi ka ture. Mu je asibiti."

"Ke ba ki gane ba," ya ce. "Ciwon ne ke fita. In na je asibiti su tsai da shi a ciki?"

Damina ta wuce, wata daminar ta zo. Wata rana da tsakar rana, yana cikin layi da fasinja cike da mota, ya buɗe ƙofa ya yi amai. Wannan karon jini ne. Aka kwashe shi sai babban asibiti a Katsina.

Bayan an zura masa na'urar duba ciki an yi gwaje-gwaje, likita ta zaunar da Salmatu.

"Ruwan nan ba datti ba ne, ruwan matsarmama ne. Wurinsa hanji. Nasa yana komowa sama cikin tumbi, yana cin bangonsa, yana rage masa tsami. Tsamin nan kuwa shi ke hana baƙin ƙwayoyin cuta zama. Da ya ragu sai suka samu wuri. Kafson da ya yi ta sha ba ƙa'ida ya kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikinsa ya bar masu taurin kai, ƙwayar ciwon jikin kuma ta ƙara ƙwaƙule bangon. Yanzu ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Da tun farko ya zo, da magana ta bambanta."

Salmatu ta fito tana share ido. A kan benci, cikin masu jiran ganin likita, sai ga Badaruddeen, mai tiren nan da ta sani a bakin iyaka. Babu farar riga, kati ne a hannunsa.

"Dokta, kai ma?" in ji ta.

Ya yi murmushin yaƙe. "Cikina ke ɗan damuna, Hajiya. Kin san ciki ba abin wasa ba ne."

"Tiren naka fa? Kafson ya ƙare ne?"

Ya sunkuyar da kai yana juya katin.

Rabe bai ga girbin shekarar ba. Badaruddeen ya samu sauƙi, ya koma bakin iyaka, kuma har yau ana ce masa Dokta.

Na daɗe ina juya wannan lamari. Da jahilci ne kawai, da na ce Allah ya yafe wa Badaruddeen. Amma mutumin da ya san hanyar asibiti ranar da nasa cikin ya murɗa, ya san abin da yake sayar wa mutane. Masu yi wa Rabe kirari a tasha su ma ban wanke su ba.

Mai karatu, aman rawaya mai maimaituwa ba wankin ciki ba ne, alama ce ta ciwo, a je asibiti da wuri. Kada ka miƙa cikinka ga wanda bai yarda ya miƙa nasa ga tirensa ba.