Agogon da ke Gaba da Minti Goma

Ranar da Kaka ta miƙa mini makullan masaukinmu na matafiya da ke kan hanyar Landan, na taka kujera zan gyara agogon ɗakin cin abinci.

"Sauko, sarkin gyara!" in ji ta.

"Kaka, minti goma fa yake gaba."

"Na sani. Tun zamanin keken doki haka yake. Mai gidan na farko ne ya tura shi gaba, don fasinjojin Landan su zabura su bar miyarsu, ya sake sayar da ita ga masu zuwa daga baya. Dawakai suka daina zuwa, masu gida bakwai suka shuɗe, ba wanda ya taɓa shi."

"Ai cuta ce. Yau zan daidaita shi."

Ta yi murmushi. "Wata rana ana ruwa, wani saurayi ya dubi agogon, ya ce wayyo, motar ƙarshe ta tafi. Ga ta nan tsaye, ina hangenta ta taga. Sai na ƙara masa miya."

Ta dubi hoton marigayi mijinta a bango.

"Shekara hamsin da biyu ya yi a gidan nan, bai sake tambayar mota ba."

Na sauko a hankali.