Karen Lawwali

"Ina ƙanena Lawwali?" Sa'adiya ta sake daka wa mijinta Dogo tsawa. "Tare kunka shiga dajin Kucheri, kai da shi da karenai!"

"A rafi munka rabu," in ji Dogo. "Ya bi fatake Gusau da karen, wai zai ga Nasara."

Ni dai, maƙwabciyarsu, ina bayan danga, wai shanya nake.

Sai ga karen ya shigo da layar Lawwali a baki, ƙafafunsa duk jar ƙasa.

Sa'adiya ta daɗe tana kallon ƙafafun nan.

"Malam, hanyar dajin nan yashi ce. Jar ƙasa sai bayan rumbunka."

Ta ɗauki fartanya, ta kira karen, ta fita ta buga ƙyaure.