Kifayen da Suka Ƙi Tana

Tun da hukuma ta zuba kifaye masu cin leda a kududdufin unguwarmu, ruwan ya yi garau har ana hango ƙasansa. Ranar da aka ɗage dokar hana kamun kifi, ni da Kawu Barau, ƙanin mahaifiyata, muka ɗauki ƙugiya muka tafi.

Na soka tana na jefa. Tarwaɗa suka taso manya-manya, amma ko kallon tanar ba su yi ba. Zaren suka kama, suka cinye shi tas.

"Kawu, ka ga abin da na gani?"

"Zaren na roba ne," in ji shi. "Leda ta ƙare musu, yunwa suke ji."

Ƙugiyar ta nutse kusa da gaɓa, sai Kawu ya naɗe wando ya shiga ɗaukowa. Daga ni har shi mun manta ƙafarsa ta hagu ta roba ce, tun wani hatsarin babur. Nan take ruwan ya hau tafasa. Ya ƙwalla salati, na cafki rigarsa na finciko shi. Daga gwiwa zuwa ƙasa, sandar ƙarfe kaɗai ta rage.

Ya zauna yana haki. Can ya nuna tsallaken ruwa.

"Wancan bututun da ke kai ruwa gidajenmu, na ƙarfe ne?"

Na duba. Ba na ƙarfe ba ne, kuma kifayen sun riga sun yi cincirindo a bakinsa.