Abin da Karimu Ke Roƙo

Wa ya fi sanin mutum, matar da ta yi shekara talatin tana tuƙa masa tuwo, ko ’yan kallon da ya ba dariya?

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Karimu magana, abu ɗaya yake yi wa matarsa Atikatu: ya kama ƙugu, ya kaɗa yatsa, ya nuna ta. Ta kawo koko, ya kau da kai. Ta kawo magani, sai hawaye.

Karimu ɗan wasan kwaikwayo ne da ba ya buɗe baki a dandali, don ƙabilun Dagomba a Yendi, Gonja a Salaga da Kusasi a Bawku duk su gane. Atikatu ba ta taɓa kallo ba, ta ce shirme ne. Da ya kwanta ciwo kuwa, ta yi alkawarin ta daina yi masa faɗa.

"Mma, ki kalli fim ɗinsa a wayata mana," in ji ’yarsu Fulera. "Duk unguwarmu ta zango sun san wannan alamar."

"Ni? Allah ya kiyaye!"

Da ya kwana biyu bai ci abinci ba, ta karɓi wayar. Ga Karimu da zane da ɗankwali, ya kama ƙugu yana kaɗa yatsa, jama'a na faɗuwa don dariya. Tafiyarta ce. Harararta ce sak.

Ta miƙe, ta kama ƙugu. "Kai, tsohon banza! Ashe ni kake talla gari-gari?"

Karimu ya washe baki, ya miƙa hannu wajen kokon.