Igiyar Hular Enora

Kekuna ashirin suka kwararo filin sauya kaya a dunƙule, Soizic kuwa keke ɗaya tak take nema. Can ta hango shi, lamba arba'in da uku, 'yarta Enora a kai, gashinta bai ma bushe daga ruwan teku ba.

Yau ne zagayen ƙarshe na gasar kulob-kulob: iyo, keke, sannan gudu. Kowane kulob 'yan wasa biyar yake sawa, amma ukun da suka fara isa kaɗai ake lissafawa. Kervalen, ɗan kulob ɗin da marigayi mijinta Erwan ya kafa da kekunan aro, ya riga ya rasa biyu. Ɗaya tayarta ta fashe, ɗaya igiyar ruwa ta sha ƙarfinta. Saura Enora ta cike ukun. Idan yarinyar kulob ɗin Monbrac, mai jar riga, ta riga ta ƙetare layi, Kervalen ya faɗo daga rukunin farko, kuma kowa a garin ya san wanda ya faɗo ba ya komawa.

Da safe Soizic da Enora ba su ma shiga mota ɗaya ba. A bakin ƙofa Enora ta tsaya tana cusa fanke a baki.

"Mama, yau dai kar ki kira sunana."

"Wa ya san ki? Wuce, uwar rawar kai. Ki dai kula da hularki."

Shekara goma sha biyar tana yi mata wannan waƙar. A dokar gasar, ba a kwance igiyar hular kwano sai keke ya hau maratayinsa. Wanda ya yi gaggawa, daƙiƙa goma zai tsaya a rumfar horo yana kallon duniya tana wuce shi. A gudun kilomita biyar, daƙiƙa goma ba wasa ba ce.

'Yan Kervalen sun cika bayan shinge suna buga tukwane, muryoyi duk sun dishe. Soizic ba ta tafa ba. Hannunta na cikin aljihu, tana roƙon Allah a zuci kamar mai jiran likita ya fito.

Enora ta diro, ta ruga da keken ba takalmi, mai jar riga a kafaɗarta. Taku huɗu ya rage ta kai maratayi. Sai hannun hagunta ya tashi da kansa, kamar yadda yake yi tun tana 'yar bakwai, ya taɓa ƙarƙashin haɓa. Igiya ta saki, sannan keke ya hau.

Ƙiftawar ido ne. Kafin ka ce kwabo ta zura takalma ta fice, mai jar riga na binta da taku biyar.

Soizic ta duba dama, ta duba hagu. Mai ɗaukar hoto ya bi na gaba. Kocin Monbrac yana can yana zagin agogonsa. Jama'a kuma ihu ya rufe musu ido.

Tanguy, kocin Kervalen, wanda ya ɗauki makarar mijinta, ya leƙo ta saman shinge, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa.

"Soizic," ya ce ƙasa-ƙasa, "ba wanda ya gani. Don girman Allah. Ki tuna Erwan."

Ta tuna shi. Shi ne ma ya fara koya wa yarinyar ɗaure igiyar, a tsakar gida, yana cewa kan mutum ɗaya ne, ba a sayar da wani a kasuwa. Ta tuna kuma za su koma gida ɗaya da Enora, su zauna teburi ɗaya, yau da gobe da jibi. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

"Da gaskiyarka, Tanguy," ta ce. "Amma ni na gani."

Ta goge hawaye da hannun rigarta ta alƙalan wasa, ta ciro rediyo daga aljihu, ta danna: "Lamba arba'in da uku, daƙiƙa goma."