Injin da Aka Ɗaga Ranar Kasuwa

Tun da ka ce aikin nan naka ko inuwarka ba ka so ta sani sai ka gama, to gyara zama ka ji yadda wani mai gyaran keken ɗinki ya ƙare.

Mutumin gwani ne, wannan babu gardama. Keken da ya gagari kowa, in ya shiga hannunsa sai ya koma ɗinki kamar sabo. Aibinsa ɗaya, tsoron bakin mutane. Ko tunkiyarsa ta haifi biyu, cewa zai yi ɗaya ta haifa, wai kada a yi mata kambun baka. To shi ne Allah ya hore wa irin motar nan da ake sayarwa gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, mutum ya haɗa abarsa a gida yana duba littafin zane. Ya kafa rumfa a tsakar gida, ya ƙara wa katanga tsawo, ya duƙufa. Shekara biyu cur yana ɗaure noti. In maƙwabcinsa, wani tsohon makanike da ya ajiye aiki, ya tambaye shi ƙarar me ake ji haka, sai ya ce akurkin kaji yake gyarawa. Akurki da sifana, jama'a! A haka ya sa tayoyi, ya ɗaura sitiyari da kujeru biyu, ya shafe ta da jan fenti, komai ya zauna daram. Saura inji kawai, yana gefe a kan katako, nauyinsa ya fi buhun masara biyu.

Nan ne mai hankali zai yi gayya. Matarsa ma ta faɗa masa haka, ya ce wanda ya kama maka inji yau, gobe shi zai ce shi ya haɗa motar. Ya bari sai ranar kasuwa, da unguwa ta watse, ya tura matar ganin gida, ya danna wa ƙofa sakata. Ya wurga igiyar rijiya ta kan azarar rumfa, ya ɗaure injin tamau, ya yi ta ja yana nishi har ya ɗaga shi sama, ya ɗaure bakin igiyar a jikin ginshiƙi, ya turo motar ƙarƙashinsa. Ya sassauto da shi a hankali, sai ramin noti ɗaya ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa. Da akwai mutum na biyu, da turawa kawai zai yi da tafin hannu, shi ke nan. Tun da babu, sai gogan naka ya sake ɗaure igiyar, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin motar, yana tura injin da ƙafa. Bai san gara ta cinye cikin azarar ba. Ƙaras! Injin ya rufto ta tsakanin ƙarafa, ya danne masa cinyar hagu.

Innalillahi! Da farko ko zafi bai ji ba, don tsabar kiɗima. Ya tura da hannu biyu, kamar yana tura dutse. Sannan azaba ta zo, ya kware baki yana kiran maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya yi shekara biyu yana yi wa ƙarya. Wa zai ji? Shi da kansa ya zaɓi ranar da ba kowa, shi ya sa sakata. Tun hantsi yake nan kwance, baƙin mai na ɗiga masa a ƙirji, muryarsa na disashewa, har ya fara kalmar shahada, don ya sallama a nan za a tarar da gawarsa. Sai wajen azahar wata tsohuwa da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa kasuwa ta ji nishi ta bayan katanga. Ta fito da sanda tana kururuwa, ta tare masu dawowa. Aka ɓalle ƙofa. Maza shida suka kama, suka yi bisimilla, numfashi ɗaya suka ɗage abin da ya kusa kashe shi.

Tsohon makaniken nan ya dubi karyayyiyar azara, ya dubi mutumin, hawaye ya cika masa ido. Ya ce, "Haba malam! Wata guda ke nan da na aro sarƙar ɗaga inji da ƙafafunta na ajiye a zaurena, ina jira kawai ka ce in zo."

Wannan magana ta fi nauyin injin girgiza shi. Ashe tun ranar da aka sauke akwatunan duk unguwa ta sani. Ba wanda ya yi masa baki. Alfahari ma suke yi a majalisa, wai a layinsu ake haɗa mota, sun yi shiru ne don kada su ba shi kunya. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma ƙafar ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba, balle ta taka kuloci. Da ya fara takawa da sanda, maƙwabta suka taru wata safiya, kafin shayi ya huce sun ɗora injin. Motar ta tashi lafiya lau, har yau tana yawo a garin. Shi kuwa da ya haɗa ta noti bayan noti, bai taɓa tuƙa ta ba ko sau ɗaya. A kujerar gefe yake zama, wani na jan sa.

Don haka ka je ka buga wa 'yan'uwanka ƙofa tun kana tsaye da ƙafafunka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.