Ɓarauniyar Ƙwai

Hannuna na cikin akurki Kaka ta cafke ni.

"Ashe ke ce macijin da ke haɗiye mini ƙwai! Karatun abincin da kike yi a jami'ar Jos ke nan?"

"Ƙanena nake dafa wa, Kaka. Kumburin nan nasa ba ƙiba ba ce, tamowa ce."

A gidanmu na Lafiya ba a ba yaro ƙwai, wai zai tashi ɓarawo. Na jawo yaron, na danna ƙafarsa da yatsa. Ramin da yatsan ya bari ya ƙi cikowa. Kaka ta daɗe tana kallonsa, ba ta sake ni ba.

"Ke ban taɓa ba ki ba, ga shi kin yi sata."

Sai ta saki hannuna.

"Dafa masa biyu."